Akwatin wasa a bayan tashar Tanut

Daga Damagaram zuwa Tanut tafiyar kusan kilomita 150 ce a kan hanyar Agadas. Matafiyi zai wuce matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Bakin Birji, wadda aka buɗe a 2011, sannan ƙasa ta shimfiɗe: gonakin da aka girbe, rumbuna, raƙuma suna kiwo cikin kara. Wannan ita ce Damargu, wadda tun zamanin ayari take ciyar da Abzin da gero. Farashin hatsin ne ma ya kai ni, amma abin da ya cika mini littafi wani abu ne daban.

A bayan tasha, cikin wata rumfa mai ƙofar kwano, na tarar da yara sun yi cincirindo gaban wani akwati mai tsawon mutum, an shafe shi da shuɗin fenti irin na ƙofar shago. Injin wasa ne, irin wanda muka riƙa gani a fina-finai muna ɗaliban lise, amma wannan a Tanut aka ƙera shi.

Mai rumfar saurayi ne da ya yi shekara biyu yana gyaran wayar salula a Libiya, ya dawo da ɗan jari da kuma hannu mai sanin waya. Kafinta maƙwabcinsa ya haɗa masa gangar jikin da katako. Fuskar ta wata ƙaramar tele ce da mai ita ya fid da rai da ita. Da ya buɗe mini bayan akwatin sai na ga kusan babu komai ciki, sai wata kwamfuta da ba ta kai tafin hannu ba, Raspberry Pi, ƙirar Ingila, wadda ta fara fitowa a 2012. A cikinta akwai manhajar MAME, wadda wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fitar a 1997 don kada tsofaffin wasanni su mutu tare da injinansu; aikinta shi ne kwaikwayon waɗancan injinan. Sandunan tuƙi biyu da maɓallai daga Kano wani direba ya zo masa da su. Wuta kuwa, farantin hasken rana ne a kan rumfa da batirin mota a ƙasa.

Babban abokin gabarsa ƙura ce. Kwamfutar tana son iska, iskar Damargu kuma ba ta zuwa hannu sake, musamman da hunturu. Da ya toshe kafofin sai injin ya yi zafi ya tsaya; da ya buɗe sai maɓallai suka cika da rairayi. Ƙarshenta ƙyallen tsohon rawani ya lulluɓa wa kafofin, yana kaɗe shi kowace safiya. Ramin jefa kuɗi bai yi ba. Wani maɓalli ya ɓoye a ƙasa, yana dannawa in an biya dala biyar. Kwana uku yara suka gano shi. Yanzu yana cikin aljihun tebur da kwaɗo.

Na ce masa: malam, ga wasanni fal cikin waya, wa zai biya kuɗi don Pac-Man na 1980 ko Street Fighter II na 1991, waɗanda Japanawa suka yi tun ba a haifi yaran nan ba? Ya nuna mini tsallaken hanya, inda dattawa biyu suke dara a ƙasa, mutum wajen goma sun kewaye su suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Ya ce waya ta mutum ɗaya ce, akwati kuwa biyu ke karawa, saura su yi shaida. A ganina ya fi mu fahimtar kasuwarsa.

Ba kowa ke murna ba. Wani mushen lakwal ya gaya mini cewa kuɗin kokon safe nan suke ƙarewa, wata uwa kuma ta zo har rumfa a kan kuɗin tallan ɗanta. Ba su yi ƙarya ba. Manyan unguwa suka zauna da shi, aka yanke: ba buɗewa lokacin karatu, in an kira salla a kashe. Ya ce cinikinsa ya ragu sosai, amma rumfar ta tsira.

Wani ɗan kasuwa daga Belbeji, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ya nemi ya ƙera masa irinsa don ranar kasuwa. Saurayin bai ba shi amsa ba tukuna. In injin ya lalace a can, wa zai gyara? Ga kuma abokansa suna ta bugo waya daga arewa, suna cewa akwai aiki. Motocin Agadas a gaban rumfarsa suke tsayawa kullum.

Kafin motarmu ta cika na ba da dala biyar ɗina. Wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya kayar da ni sau biyu a jere, sannan ya tambaye ni ko ina da sauran canji.