Ƙofar bayan kwamfuta

A ranar 19 ga Yulin 2024, wani gyaran manhaja da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu aiki da Windows, bisa ƙiyasin kamfanin Microsoft. Jirage suka kasa tashi, wasu asibitoci suka koma kan biro da takarda. Babban tashin hankalin shi ne, kwamfutar da ta kasa farkawa ba ta iya karɓar magani ta intanet. Sai ga injiniyoyi suna bi tebur-tebur da ɗan filash a hannu, suna tayar da na'urorin ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne, a lokacin da aka danna maɓallin kunnawa, Windows tana barci tukuna. Mai fara farkawa wata 'yar manhaja ce da ke zaune a kan babban allon na'urar, wadda ake kira BIOS, ko magajiyarta UEFI. Ita ke duba kayan cikin kwamfutar, sannan ta bi wani jeri tana neman inda babbar manhaja take. A al'ada faifan ciki ne a sahun gaba, amma jerin ba dutse ba ne. Wanda ya danna F12 a kwamfutar Dell, ko F9 a ta HP, kafin tambarin kamfanin ya ɓace, zai iya umartar ta da ta tashi daga filash ko faifan waje.

Sai dai ƙofar da likita ke shiga, ita ce ɓarawo ke bi. Kalmar sirrin Windows mai gadi ce a zaure, wanda kuwa ya tayar da kwamfutar da Linux daga filash ta bayan gida ya shigo, mai gadin bai ma san an yi baƙo ba. Idan ba a kulle faifan ba, takardun albashi da fayilolin shari'a duk suna shimfiɗe a gabansa. Ofisoshi da dama kan tilasta wa ma'aikata sauya kalmar sirri a kai a kai, alhali akwatin kwamfutar na kwana a ɗakin da kowa ke da makullinsa.

Tsarin Secure Boot, wanda ya yaɗu tare da Windows 8 a 2012, yana hana manhajar da ba ta da sahihin hatimi tashi, amma Ubuntu da ire-irenta suna da hatimin. Kariya ta gaskiya ita ce sanya wa BIOS kalmar sirri, da kuma kulle faifan da BitLocker, ta yadda baƙo ba zai ga komai ba sai hargitsin lambobi.

Wannan kariyar ma tana da tsadarta. A rikicin na 2024, filash ɗin gyara ya kan nemi makullin BitLocker mai lambobi 48 kafin ya taɓa faifan, kuma a wasu ma'aikatu kwamfutar da aka adana makullan a cikinta tana cikin waɗanda suka durƙushe.