Cikakken Tanki ko Rabin Tanki?

A Unguwar Boro, kudu da Kogin Kaduna, direbobin haya sun rabu gida biyu game da tankin mota. Wasu na ganin cikakken tanki kaya ne, mota kuwa gwargwadon nauyinta take shan mai. Wasu kuma sun dage cewa mai ya fi saurin ƙonewa da zarar allura ta sauko ƙasa da rabi.

Idan aka duba da idon basira, duka maganganun biyu ba su taka kara sun karya ba. Lita 50 ta fetur kimanin kilo 37 ce, wato ba ta kai nauyin babban fasinja guda ba, balle ta wahalar da motar da ta haura kilo 1,000. Saurin faɗuwar allura kuwa daga siffar tanki da ma'auninsa yake, ba daga inji ba.

Haɗarin yana ƙasan tanki. A yawancin motocin zamani, famfon mai a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Wanda ya saba tafiya a kan ɗigo yakan ƙona famfo, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Sai dai tun da aka janye tallafin mai a 2023, direban da ke sayen lita biyar-biyar ba dabara yake yi ba, aljihu ne ya tilasta masa, alhali yana maƙwabtaka da matatar man da aka buɗe a 1980. Wannan direba ya san illar, abin cika tankin ne babu.