Ranar da kwana 214 suka koma sifili

'Yan'uwa, wannan rubutun zai ɗan yi tsawo, mai ƙarancin data ya yi haƙuri.

Waɗanda muke zumuntar ɗaliban digiri na biyu tare a nan Ibadan sun san ni da karatun Littafi Mai Tsarki a waya. Manhajar YouVersion tana ƙirga maka kwanakin da ka jera kana buɗe ta, ni kuwa na kai 214 ba fashi. Littafin gaba ɗaya sura 1,189 ne, in kana yin uku ko huɗu kullum, a shekara ka gama. Haka na tsara. Har sau biyu na ɗauki hoton lambar na ɗora kowa ya gani. Yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni, don yawancin karatun irin wanda muke yi wa takardun bincike ne: ka leƙa farko, ka leƙa ƙarshe, ka ce ka karanta. Littafin Firistoci kam a layin ɗiban ruwa na wuce shi.

Addu'a ma na iya ta, ko in ce na iya sautinta. Da Turanci ake yi a zumuntarmu, na kuma koyi inda ake ɗaga murya da inda ake sauke ta, da irin kalmomin da ke sa ɗaki ya amsa da amin mai ƙarfi. Shi ya sa addu'ar rufewa kusan kullum ni ake ba.

Ana saura mako ɗaya jarrabawar zango na biyu, ƙanwata ta kira ni daga Kaltungo. Mama ta faɗi a tsakar gida. Hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Daga Ibadan zuwa Gombe a mota yini ne da kwana, ga jarrabawa, ga aljihu ba nauyi. Ranar ban buɗe manhajar ba, wayar tana kunnena har dare. Washegari na duba na ga lissafin ya rushe. Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: na ji zafin rushewar lambar nan. Uwata tana kwance a asibiti ba ta iya kiran sunana, ni kuma ina baƙin cikin 214. A nan na san akwai abin da ya lalace a wurina tun kafin a yi wannan kiran.

'Yan zumunta sun yi mini abin da ba zan manta ba. Sun yi azumi, sun haɗa kuɗin motar da na je gida da shi bayan jarrabawa, na yi kwana biyar. Ba ni da ƙorafi a kansu. Sai dai akwai wata koyarwa da muka saba da ita, wai kada bakinka ya furta mugun abu, ka riƙa cewa an riga an warke. To sai na bi. Duk wanda ya tambaye ni jikin Mama, sai in ce da sauƙi, mun gode wa Ubangiji. Alhali na gan ta da idona, ana ba ta kunu da cokali yana zuba ta gefen baki. Da na saba yi wa mutane wannan maganar, sai na kasa yi wa Allah wata dabam, ita kuma wannan ɗin na san Ya san ba gaskiya ba ce. Sai na yi shiru. Wajen mako biyar ban yi addu'a ni kaɗai ba, amma duk Alhamis ina nan tsaye ina rufe taro.

Wani dare aka ɗauke wuta, waya ta mutu, barci ya ƙi. A ƙasan akwatina akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa mai baƙin bango, Mama ce ta cusa shi ranar da zan taho, ban taɓa fito da shi ba. Na kunna tocila na buɗe tsakiya, in ka buɗe tsakiya kuwa Zabura za ka samu. Ina juya shafi har na tsaya a ta 88.

Na sha wuce ta, amma ban taɓa karanta ta ba. Aya 18 ce. Mutumin yana kuka dare da rana, yana jin kansa kamar wanda aka riga aka lissafa cikin matattu. Kuma bai ɗora laifin a kan Shaiɗan ko magabta ba, Allah yake nuna wa yatsa: Shi ya jefa shi rami, Shi ya raba shi da abokansa. Har yana tambaya ko matattu za su tashi su yi yabo. Na ci gaba ina jiran inda za ta juya, don na san yadda irin waɗannan suke tafiya. Ta 13 ta fara da tambayar har yaushe sau huɗu, ta ƙare da waƙa. Ta 22, wadda Yesu ya ɗauko farkonta a kan gicciye, ita ma ta ƙare da yabo. Ta 88 ba ta juya ba. A Ibrananci kalmarta ta ƙarshe ma duhu ce.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne rubutun da ke samanta. An danganta ta ga Heman da 'ya'yan Kora, mawaƙan Haikali, an kuma miƙa ta ga shugaban mawaƙa. Wato ba a ɓoye ta a ƙarƙashin katifa ba, a gaban jama'a ake rera ta. An zauna an tattara Zabura 150, aka ga wannan, aka bar ta yadda take, ba wanda ya ƙara mata aya ta 19 don ta yi daɗin ji. Kuma duk zafin maganar, daga farko har ƙarshe da Allah mutumin yake yi, bai juya Masa baya ya koma gaya wa wasu ba. Ni da nake ganin na fi shi ladabi, ni ne na daina magana.

A daren na yi addu'a, da Hausa ta fito. Tangale ne harshenmu na gida, amma sujada da makarantar Lahadi da Littafin Waƙoƙi duk da Hausa muka taso da su. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, da shi kakana ya koyi karatu. Ba wata doguwar addu'a ba ce. Na ce ya Allah, Mama ba ta samu sauƙi ba, ina jin tsoro, kuma ina fushi da Kai. Na maimaita ya fi sau goma. Abokin ɗakina Bayarabe ya farka ya ji ina ta kiran Allah, da safe yake tambayata a hankali ko na canza addini ne. Na ce masa ku da Musulminku da Kiristanku ba Olorun kuke cewa ba? Ya yi dariya, shi ke nan.

Kada wani ya ɗauka ina zagin manhaja ko addu'ar Turanci. Har yanzu tana wayata, na dai daina duba lambar. Kuma ba na cewa a daina roƙon warkarwa, kullum ina roƙo.

Yanzu duk dare ƙarfe takwas nake kira, ƙanwata ta kara wa Mama waya a kunne, in ce Mama, ga karatunmu, in karanta mata Zabura ɗaya. Ban karanta mata ta 88 ba, ta 121 ta fi so, in na canza sai ta yi ta bubbuga katifa da hannun hagu har in koma. Hannun dama bai motsa ba har yau. Amin ɗinta rabi yake fitowa.

An ba ni nazarin Littafi Mai Tsarki na wannan Alhamis ɗin, na ce Zabura 88 za mu duba. Shugabanmu ya buɗe ya karanta, ya ɗago ya ce, ɗan'uwa, ka tabbata? Na ce na tabbata. Ƙarfe biyar ne, a inda muka saba. Mai Littafin takarda ya zo da shi.