Amosanin Jini: Abin Da Bincike Ya Gano Da Abin Da Ya Rage Mana

Cuta iri biyu ce. Akwai wadda takan zo kamar baƙo, ta kwana biyu ta yi sallama, irin su mura da ciwon ido. Akwai kuma wadda takan zauna tare da mutum muddin ransa, kamar ciwon sukari da hawan jini da amosanin jini, wato sikila. A kan wannan ta ƙarshe nake so in ɗan yi tsokaci, domin kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gidanmu take.

Mahaifiyata ta haifi 'ya'ya bakwai, biyu daga ciki ba su kai shekara biyar ba suka koma. Tsofaffi suka ce wabi take yi. Kowa ya san al'adarmu game da wannan: akan sa wa yaro laƙabi irin su Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba, wai ko ya zauna. Ƙanwata, wadda aka haifa bayansu, Allah ya raya ta, amma ba ta san daɗin hunturu ba. Da sanyi ya sauko sai gaɓoɓinta su ɗauki ciwo, ta kwana tana kuka, mahaifiyarmu na gasa mata jiki da tsumma da ruwan ɗumi har asuba. Sai da aka auna jininta a asibiti sannan muka san sunan abin da ke damunta.

Da yake ni ɗalibin harshe ne, sunan ya fara jan hankalina. Bahaushe ya san amosani tun da daɗewa, yana kuwa nufin ciwon da kan ci gaɓoɓi, musamman lokacin sanyi. Haka abin yake ga maƙwabtanmu. Mutanen Ga na ƙasar Gana suna kiran cutar "chwechweechwe", suna mai kwaikwayon yadda ciwon ke gurgurar ƙashi. Wani likitan ƙasar, Felix Konotey-Ahulu, ya bi salsalar cutar a cikin zuriyarsu har zuwa shekarar 1670. Ashe ke nan kakanninmu sun san cutar sarai, sun san lokacinta da alamunta. Abin da ya ɓuya musu shi ne musabbabinta, shi kuwa sai da aka shafe shekara kusan hamsin ana bincike kafin a kai gare shi.

A shekarar 1910 wani likita a birnin Shikago na Amurka, James Herrick, ya ba da labarin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada wanda aka duba jininsa a madubin likita, aka ga jajayen ƙwayoyin jinin sun lanƙwashe kamar lauje maimakon su zama kewayayyu. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa laifin yana cikin himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini. A 1957 kuma Vernon Ingram, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya gano ainihin wurin. Mu ɗauka wani sashe na wannan sinadari carbi ne mai 'ya'ya 146, to ɗa na shida kaɗai aka musanya da wani. Wannan 'yar musanya ita ke sa ƙwayar jini ta sandare ta lanƙwashe idan iska ta yi mata ƙaranci, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ciwo ya tashi. Bugu da ƙari, lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, mai kamar lauje kuwa ba ta wuce kwana goma zuwa ashirin, shi ya sa kullum jinin mai cutar a ƙasa yake.

Cutar gado ce, kuma sai an gado ta daga uwa da uba duka biyu. Wanda ya gaji rabi, wato mai AS, lafiyarsa lau. To me ya sa abin ya yi yawa a ƙasashenmu? Anthony Allison ya ba da amsa a 1954 bayan binciken da ya yi a Afirka ta Gabas: mai AS ya fi jure wa zazzaɓin cizon sauro, saboda haka inda sauro ya yi yawa su suka fi rayuwa su hayayyafa. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da wannan rabi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa akan haifi jarirai kimanin 150,000 masu cutar a kowace shekara. Binciken da aka yi a ƙauyukan Garki, cikin Jihar Jigawa ta yanzu, a shekarun 1970, ya nuna kimanin jarirai biyu cikin ɗari suna da cutar, amma cikin manya da ƙyar ake samun mai ita. Ina suka tafi? Ba na cewa duk ɗan wabi sikila ce ta kashe shi, amma da na karanta wannan sai na tuna da 'yan'uwana biyu.

Ta fuskar magani ma an yi nisa. A 1986 bincike a Amurka ya tabbatar da cewa ba ƙananan yara masu cutar penisilin kullum yana kare su daga wasu ƙwayoyin cuta masu kisa, domin saifarsu takan lalace tun suna ƙanana. A 1995 aka tabbatar da amfanin wata ƙwaya mai suna haidiroksiyuriya, wadda ke sa jiki ya ƙara yin irin himogulobin na ɗan tayi, wanda ba ya sandarewa. Abin alfahari kuma, likitocinmu a Kano da Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gwada wannan magani a kan yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, aka buga sakamakon a 2022. Ƙanwata tana shan wannan magani, kuma kwanan asibiti ya ragu mata ƙwarai.

Akwai ma warkewa ɗungurungum. A 1984 aka fara ba da rahoton warkar da cutar ta hanyar dashen ɓargo, an kuma yi irin wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy, wanda ke gyara ƙwayoyin halittar maras lafiyan kansa. Sai dai kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan biyu da dubu ɗari biyu ne. Ga talakan Garki, wannan kallon kitse ne ake yi wa rogo.

To, 'yan'uwa ɗalibai, mene ne namu a ciki? Namu shi ne awon jini. Ni na auna, AS nake, kuma na san abin da wannan ke nufi ranar da zan nemi aure. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. A lura, kowane ciki aka ce. Ba wai idan na fari ya zo da ita sauran ukun sun tsira ba ne. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, abin a yaba. Amma awon da aka yi bayan an kai lefe an sa rana ya zo a makare, domin a lokacin kunya da soyayya sukan rinjayi hankali. Kamata ya yi kowa ya san nasa tun yana makaranta, ya kuma faɗa tun da wuri. Ran wanka ba a ɓoyon cibi.

Mu masu nazarin Hausa kuwa muna da wani nauyi na daban. Duk wannan ilimi da na zayyana a cikin Turanci yake kwance, alhali uwar da ke gasa wa 'yarta jiki da tsakar dare Hausa take ji. Likita ya yi nasa. Ya rage mana mu samo kalmomin da za su bayyana gado da awon jini yadda kakata za ta fahimta, mu sa su a rediyo da wasan kwaikwayo da waƙa, ba tare da mun mai da masu cutar abin gudu ba, don su ma mutane ne masu karatu da sana'a da aure. Mu muka raɗa wa cutar suna tun kafin Bature ya gan ta a madubi, bai kamata bayaninta ya gagare mu ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.