Ku Matso, Gidigir Za Mu

Hajiya, ajiye wayar nan tukuna, ke ma Yaya matso. Maganar tsakaninmu ce, kada maigidana ya ji kafin in lallaɓa shi. Tunda aka fara zancen inda za mu je shan iska, kowa sai Yamai, sai Kano. Ni Gidigir nake so.

Na san me za ku ce, wai ba komai can sai rairayi da kasuwar dabbobi. Ai wanda ya tsaya bakin kwalta abin da zai gani ke nan. Daga Damagaram in an kama hanyar Gure, a wuce Mirya, a ɗan tsaya Gidimuni a ga tafkin nan da aka sa cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 2019. Yana da kyau, ba musu, amma ni kwarurrukan Gidigir ne suka tafi da hankalina.

Sai kin hau tudun rairayi, ƙafa tana nutsewa, kina haki, sannan ƙasa ta buɗe a gabanki kamar ƙwarya. Goriba ce ta kewaye bakin. In kin gangara sai dabino, sai lambunan rake da rogo da albasa, can tsakiya kuma ruwa ko farin fili na kanwa. Ruwan ba nisa, haƙa kaɗan ya taso. Iskar ma daban take, wallahi, kina shiga inuwa zufa ta ɗauke. Dabinon yankin nan sau biyu yake haihuwa a shekara, abin da ba kasafai ake gani a wasu wurare ba.

Wasu Turawa in sun je bakin tafki giyar inabi suke sha. Mu Allah ya tsare, buta da gawayi sun ishe mu, a dafa shayi har zagaye na uku, a sha rake.

Abin da ke ci mini rai shi ne rairayin. Yana gangarowa a hankali yana binne lambuna, shi ya sa za ku ga an kakkafa shingen ƙirare a kan tuddai don a tsayar da shi.

Mu bari sai hunturu. Kuma don Allah, lambu na da mai shi, a yi sallama a nemi izini kafin a shimfiɗa tabarma. Yaya, ke ce da dambun nama. Hajiya, motar ɗanki za mu roƙa.