Ƙafafun Baya

A unguwar Zongo, can yammacin Wagadugu, wani tsohon makaniki ya shafe damina guda yana harhaɗa a-kori-kura ƙirar Peugeot 504 daga gawar motoci uku: inji daga wannan, bodi daga waccan, ƙafafun baya kuma daga wata da ta daɗe yashe a bayan gareji. Ɗan ƙanwarsa yake haɗa wa, domin ya riƙa jigilar hatsi tsakanin Kudugu da birni. Ran da injin ya tashi, saurayin ya ɗauka an gama. Tsohon ya karɓe makulli ya jefa aljihu.

"Kawu, ai birki na ci."

"Na san yana ci. Wanne ke fara kamawa, na gaba ko na baya?"

Saurayin ya rasa amsa, kuma ba laifinsa ba ne. Direbobi da yawa sun tsufa a kan sitiyari ba su taɓa yi wa kansu wannan tambaya ba. Idan aka taka birki, nauyin mota kan zube gaba, baya ya yi sakayau. Saboda haka ƙafafun gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin. In su suka fara cijewa, motar za ta zarce ne miƙe, ko da ta ƙi jin sitiyari. Amma in na baya suka riga, gindinta ya wulwulo ke nan, sai direba ya ga yana kallon inda ya fito. A-kori-kura ta fi kowace mota wannan hali, domin yau tana ɗauke da buhuna, gobe ba komai a bayanta. Don haka aka sa mata wani ɗan bawul kusa da ƙafafun baya, mai rage ƙarfin man birki idan ba kaya, ya sake shi idan nauyi ya danne ta. A wannan motar, wani mai gaggawa ya riga ya cire shi ya haɗe bututun kai tsaye.

Kwana huɗu tsohon ya yi yana bin masu tsofaffin kaya kafin ya samo wani. Da ya ɗaura, suka fita wani fili mai jar ƙasa da sassafe. Shi ya tuƙa, saurayin ya tsuguna a gefe yana kallon tayoyi. A taka, a sauko, a duba sawun da kowace taya ta ja, a shiga ƙarƙashi a ɗan sassauta. Suka yi babu kaya, suka ɗora buhunan yashi suka sake. Sai wajen azahar sawun gaba ya fara riga na baya fitowa.

Tsohon bai yi magana ba. Shekarun baya, mahaifin yaron ya fita da wata motar da shi ya gyara mata birki, kuma har yau ba ya son bin hanyar da aka ɗauko shi. Ya goge hannu da tsumma, ya ce a ƙara zagaye ɗaya.