Kofi ko Amana?

 Daren Juma'a mun raba dare a teburin mai shayi na Ƙofar Mazugal muna musu kan ɗan ƙwallon kwandon Amurka, Kevin Durant. A 2016 Golden State ta fitar da ƙungiyarsa ta Oklahoma, bayan su Durant sun ci uku cikin wasanni huɗun farko. Wata guda da 'yan kwanaki sai ya tattara ya koma wurin waɗanda suka doke shi, ya ɗauki kofi a 2017 da 2018. Wasunmu suka ce butulci ne, ga Giannis, ɗan asalin Najeriya, ya haƙura da Milwaukee har kofi ya zo a 2021. Wasu suka ce ƙuruciyar ɗan wasa ƙidayayya ce, gwiwa ba ta jiran kowa.

Abin da ya zafafa musun, a ranar ne gwanin ƙungiyarmu ya ce zai koma wata babba mai maɗaba'a. Mun ji ciwo, don tare muka gyara labarinsa na farko. Amma shekara uku muna masa alƙawarin buga littafi, ba mu cika ba. Mun sallame shi da addu'a. Asabar mai zuwa, kowa ya zo da kuɗin karo-karon da muka daɗe muna ɗagewa.